Daga zaɓen zangarniya zuwa GMO: yadda ɗan'adam ya sauya abin da yake shukawa da abin da yake kiwo

Tun watan Janairun 2024 da kwamitin rajistar iri na Najeriya ya amince a fara sayar wa manoma nau'i huɗu na masarar TELA, wadda GMO ce, wato irin da aka sauya wa halitta a ɗakin gwaji, ƙura ba ta lafa ba. A watan Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da irin GMO har sai an kammala bincike. Saƙonnin murya suka cika wayoyin jama'a: wani ya ce irin yana hana haihuwa, wani ya ce gonar da aka shuka shi ba ta sake yin wani amfani, wani kuma ya ce ba ya tsira idan aka ajiye shi zuwa baɗi. Kafin a ankara, kajin gidan gona, da kankana marar 'ya'ya, da manyan tumatir, har da mangwaro mai aure, duk an tara su an laƙaba musu suna ɗaya: GMO.

Hanyoyin da ɗan'adam ya bi wajen sauya amfanin gona da dabbobi sun kai huɗu ko biyar. Kowace da yadda take aiki, kowace kuma da nata amfani da nata haɗari. Wanda ya cakuɗa su zai ji tsoron abin da ba abin tsoro ba ne, ya kuma bar abin da ya kamata ya sa wa ido.

Ƙwayoyin gado

A cikin kowace ƙwayar halitta ta tsiro ko dabba akwai wani dogon sinadari da masana ke kira DNA. Shi ke ɗauke da umarnin yadda halittar za ta kasance: tsawon kara, launin ƙwaya, jure fari, yawan nono. Kowane guntu mai ɗauke da umarni ɗaya shi ne ƙwayar gado, kuma masara tana da fiye da 30,000. 'Ya'ya suna karɓar rabi daga uwa, rabi daga uba, wani lokaci kuma a sami ɗan sauyi da ya auku da kansa. Duk hanyoyin da za a ambata a nan abu ɗaya suke yi, wato sauya waɗanne ƙwayoyin gado ne za su wuce zuwa tsara ta gaba. Inda suka bambanta shi ne sauri, da inda ake samo ƙwayoyin, da kuma wanda ke riƙe da ragamar aikin.

Zaɓe, aikin da ya fi kowanne daɗewa

Manomin da ya tsaya da kaka yana ware zangarniyar geron da ta fi cika, ya ɗaure ta daban ya rataye a rumbu don shukar baɗi, yana yin aikin da aka soma fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Da wannan zaɓen aka samar da kusan duk abin da ake ci yau.

Gero misali ne na kusa. Asalinsa ciyawar daji ce ta yankin Sahel, kuma masu tonon kayan tarihi sun gano geron da aka riga aka mayar na gida a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, mai shekaru kusan 4,500. Geron daji yana da wata ɗabi'a da ke taimakonsa amma take cutar manomi: da ƙwaya ta nuna sai ta kakkaɓe ta zube ƙasa. Mutanen farko sun riƙa girbe zangarniyar da ƙwayarta ta maƙale, suna sake shuka ta, har wannan halin ya zama shi ne rinjaye. Shaidar wannan tarihi tana nan a gonakinmu. Shibra, wadda ke fitowa a tsakiyar gero da siririyar zangarniya mai gashi, ta riga sauran nuna ta zubar da ƙwayarta, jinin geron daji ne ke jikinta. Manomin da ke tuge ta yana ci gaba da wancan tsohon zaɓe ne.

Dawa an fara mayar da ita ta gida a gabashin Sudan, wajen Kassala, kimanin shekara 5,000 baya, daga nan ta rarrabu har aka sami kaura da farafara da sauransu. Wake ma ɗan Afirka ne. Masara ce baƙuwa, kuma ita ta fi kowanne sauyawa. Kakarta wata ciyawa ce ta kudancin Meziko mai suna teosinte, wadda goyonta bai wuce tsawon yatsa ba, ƙwayoyinta ba su fi goma sha biyu ba, kowace a kulle cikin ɓawo mai tauri kamar tsakuwa. Kimanin shekara 9,000 da suka wuce mutanen yankin suka soma zaɓe a kanta. Masarar yau ta kai matsayin da ba ta iya rayuwa sai da mutum, domin idan goyo ya faɗi ƙasa da ɓawonsa, tsiron da za su fito cunkushe juna za su yi su mutu. Bayan shekarar 1500 ne ta iso Afirka.

Aure tsakanin iri da zuwan haibirid

Bayan da Gregor Mendel ya bayyana ƙa'idojin gado daga gwajin da ya yi da wani nau'in wake a 1865, masana suka daina jiran sa'a. Sai su ɗauki garin furen wannan iri su sa wa wancan da gangan, su zaɓi 'ya'yan da suka haɗa halayen da ake so. Ta haka Norman Borlaug ya samar da gajeriyar alkama a Meziko, wadda ke ɗaukar taki ba ta kwanta ba, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1970. Ta haka kuma Monty Jones ɗan Saliyo ya haɗa shinkafar Afirka da ta Asiya aka sami NERICA. Yawancin irin da ke ɗauke da sunan SAMMAZ ko SAMSORG ko SAMNUT, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar, ta wannan hanya aka yi su. Ingantaccen iri ne, amma ba GMO ba ne.

Haibirid wani mataki ne na daban, kuma daga nan ne zancen "irin da ba a maimaita shi" ya samo asali. Ana ware layi biyu na masara, kowane a yi ta haɗa shi da kansa shekara da shekaru har ya tsarkaka, sannan a aurar da su. 'Ya'yan farko suna fitowa da ƙarfi da yabanya fiye da iyayensu, tsawonsu ɗaya, nunarsu lokaci ɗaya. Idan manomi ya ɗebi iri daga wannan girbi ya shuka baɗi, zai tsira sarai, sai dai halayen za su warwatse: wani dogo, wani gajere, amfanin kuma ya ragu. Dole ke nan a koma wurin kamfani kowace damina. Wannan tsari ya yaɗu a Amurka tun shekarun 1930, shekaru da dama kafin a san wani abu wai shi GMO.

Akwai ma hanyar da ba a cika ambatonta ba. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ake haska wa iri tururin nukiliya ko a jiƙa shi da sinadari don a haddasa sauye-sauye barkatai, sannan a zaɓi wanda ya yi kyau. Nau'in amfanin gona fiye da 3,000 aka yi wa rajista ta wannan hanya a duniya, kuma a mafi yawan ƙasashe ba a ɗora musu tsauraran dokokin da ake ɗora wa GMO.

A garke da akurki

Bafulatanin da ya ware maraƙi ɗaya ya bar shi bijimi saboda uwarsa mai nono ce, ya dandaƙe sauran, shi ma mai gyaran iri ne. Bunaji, da Rahaji mai jan jiki da dogon ƙaho, da Bokolo na ƙasar Sakkwato, da Azawak na Nijar, da Kuri na Tafkin Chadi mai kumburarren ƙaho, kowane sakamakon zaɓen ɗaruruwan shekaru ne a kan tafiya mai nisa, ƙishirwa, zafi da kaska. Muturu na kudu ƙanana ne, amma suna jure sammore a dajin da ƙudan tsando ke kashe manyan shanu. Haka jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai.

A ƙasashen Yamma an kai wannan zaɓe ƙarshe, musamman bayan da aka iya daskarar da maniyyin bijimi ana yi wa shanu barbara da allura. Bijimi ɗaya yana iya zama uban dubban 'yan maruƙa. Saniyar Holstein a Amurka tana ba da madara fiye da lita 10,000 a shekara. Amma binciken da aka yi a can ya nuna kusan duk bijiman Holstein na ƙasar, ta wajen uba, suna komawa ne ga bijimai biyu kacal. Kuma wannan saniya idan aka kawo ta zafin Sahel, ga kaska ga ƙarancin abinci, ba ta kai labari. Shi ya sa cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana haɗa jinin shanun Turai da Bunaji maimakon a maye gurbinsa gaba ɗaya.

Kajin gidan gona su aka fi yi wa mummunar fahimta. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun kiwata nau'in kazar nama na 1957 da na 2005 a wuri ɗaya, da abinci iri ɗaya. Da suka kai kwana 56, ta 1957 ba ta cika kilo ɗaya ba, ta 2005 ta haura kilo huɗu. Ba a dasa wa ko ɗaya ƙwayar gado daga waje ba, ba a kuma yi musu allurar girma ba. Zaɓe ne kawai, tsara bayan tsara. Kuɗin wannan saurin kazar ce ke biya: ƙafafu na kasa ɗaukar jiki, zuciya na gazawa, ɗan zafi kaɗan ta mutu. Kuma tushen irin kajin naman duniya yana hannun kamfanoni ƙalilan, irin su Aviagen da Cobb. Abin da ya fi dacewa mai cin kaza ya damu da shi shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta da wasu masu kiwo ke ɗura wa kaji ba bisa ƙa'ida ba, su sayar kafin ya fita daga jikinsu.

Mene ne GMO, kuma wanne ne ke Najeriya?

GMO shi ne tsiro ko dabbar da aka ɗauko wata ƙwayar gado takamaimai aka dasa mata a ɗakin gwaji, sau da yawa daga halittar da ba za su taɓa yin aure da ita ba. An fara sayar da irin wannan abinci a Amurka a 1994, noma shi da yawa kuma ya kankama a 1996. A duniya mafi yawansa waken suya ne, da masara, da auduga.

A Najeriya Hukumar NBMA mai sa ido kan amincin GMO, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba da izini. Amfanin gona uku ne suka kai hannun manoma: auduga a 2018, wake mai suna SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, sai masarar TELA, wato SAMMAZ 72T zuwa 75T, a 2024. Dukkansu suna ɗauke da ƙwayar gado daga wata ƙwayar bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt. Tana sa tsiron ya samar da wani furotin da ke fasa hanjin wasu tsutsotsi idan sun ci. Furotin ɗin yana aiki ne a hanjin da ke da wasu mahaɗai na musamman, waɗanda mutum da dabbobin gida ba su da su. Manoman da ba sa amfani da sinadarai a Turai da Amurka sun daɗe suna fesa wannan bakteriya a gonakinsu.

Dalilin yin waken shi ne tsutsar Maruka, wadda ke shiga fure da ƙwanson wake ta cinye daga ciki, inda feshi ba ya isa da kyau. A shekarar da ta yi yawa tana iya lalata har kashi 80 cikin 100. An binciki dubban nau'in wake ba a sami mai jure mata sosai ba, don haka aure tsakanin iri bai warware matsalar ba. Masana na Samaru ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku suka yi aikin tare da gidauniyar AATF mai hedikwata a Nairobi da wata cibiyar bincike ta Ostireliya, ƙwayar gadon kuma ta fito ne daga kamfanin Monsanto, wanda Bayer ya saye a 2018. Masu irin sun ce feshi yana sauka daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Ba ya kaiwa sifiri, saboda Bt ba ya taɓa ƙwarin da ke tsotsar ƙwanso, ba ya kuma hana ƙwaron da ke huda wake a buhu. Ita kuma TELA an yi ta ne don tsutsar kara, da baƙuwar tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016, tare da ɗan jure ƙarancin ruwa.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Ta fuskar lafiya, hujjar masu goyon baya ta fi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abincin GMO da ke kasuwannin duniya ya tsallake gwajin aminci, kuma ba a ga illarsa ga mutane ba a ƙasashen da aka amince da shi. Babban rahoton majalisar masana kimiyya ta Amurka na 2016 bai sami shaidar cewa ya fi sauran abinci haɗari ba. Binciken da aka wallafa a 2012 mai cewa masarar GMO ta jawo wa ɓeraye ƙari, wanda har yau ake yaɗa hotunansa, mujallar da ta fara buga shi ta janye shi a 2013. Babu wani ingantaccen bincike da ya nuna wake ko masarar Bt na hana haihuwa. Fasahar da ke sa iri ya ƙi tsira a karo na biyu kuwa an yi mata rajistar mallaka a 1998, amma ba a taɓa fitar da ita kasuwa ba.

Masu adawa, irin su ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF ta Nnimmo Bassey, suna da hujjojin da ba a ture su da sauƙi. Suna tambaya ko NBMA tana da kayan aiki da 'yancin yin nata gwajin, ko kuwa tana dogara ne da bayanan masu neman izini. Suna nuna abin da ya faru a Burkina Faso, wadda ta rungumi audugar Bt a 2008 ta kuma watsar da ita a 2016: tsutsa ta ragu, amma silin audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Akwai kuma batun sabo. A Afirka ta Kudu tsutsar kara ta saba da masarar Bt ta farko cikin 'yan shekaru, haka wata tsutsar auduga a Indiya. Maganin wannan shi ne a riƙa barin wani yanki na gona da irin da ba Bt ba, don tsutsotsin da ba su saba ba su ci gaba da hayayyafa. Wannan yana buƙatar malaman gona da za su bi ƙauye-ƙauye suna bayani, su kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai.

Batun maganin ciyawa na gilaifoset, wanda hukumar binciken cutar daji (kansa) ta duniya ta sa cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar a 2015, yana yawan shigowa muhawarar. Ya shafi nau'in GMO da aka yi don jure maganin ciyawa, kamar waken suyan Amurka da Brazil. Waken Samaru da TELA ba don haka aka yi su ba, gilaifoset ɗin kuma ya riga ya cika shagunan kayan noma a Arewa ba tare da wani GMO ba.

Ta ɓangaren addini, wasu suna kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i da ta yi magana a kan sauya halittar Allah, wasu kuma da hadisin barbarar dabino, inda aka bar wa mutane sanin al'amuran duniyarsu. Wannan fage ne na malamai, kuma hukuncinsu zai fi inganci idan an fayyace musu bambancin hanyoyin nan.

Yadda abin zai shafi manomi da mai saye

Ga manomin wake, lissafin mai sauƙi ne: kuɗin iri a gefe guda, kuɗin feshi huɗu ko fiye da ya huta da su a ɗaya gefen, ga raguwar gubar da yake shaƙa yana feshi ba takunkumi. Wake yana barbarar kansa ne, SAMPEA 20-T kuma ba haibirid ba ne, saboda haka ana iya ajiye irinsa a sake shukawa, ko da yake ana son a sabunta shi bayan 'yan shekaru. Sai dai manomin Arewa ba ƙwaya kaɗai yake nema ba. Harawa kuɗi ce da rani, kuma wanda ya saba da kanannado mai yaɗo zai auna wannan kafin ya sauya.

Masara daban ce. TELA haibirid ce, sai an saya kowace shekara, kuma alƙaluman yabanyar da ake ambata, har tan 10 a hekta, na gonar da ta sami isasshen taki da kulawa ne, alhali matsakaicin abin da ake samu a ƙasar yana wajen tan 2. Wanda bai da kuɗin taki ba zai ga wannan bambanci ba. Sannan iska ce ke ɗaukar garin furen masara, don haka gonar maƙwabci tana iya samun ƙwayar Bt ko bai so ba. A inda gonaki ke manne da juna, kunya ɗaya ce tsakani, ba a ga yadda za a hana wannan ba.

Haɗarin da ba a cika tattaunawa ba ya shafi duk ingantaccen iri, GMO ne ko ba shi ba. Idan kowa ya koma nau'i biyu ko uku, tsofaffin irin da ke jure fari, ko wuta-wuta, ko ƙasa marar ƙarfi suna ɓacewa daga rumbuna, alhali daga jikinsu masana ke samo halayen da za su gyara na gobe. A 1970 wata cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na masarar Amurka, saboda yawancin haibirid ɗin ƙasar sun yi tarayya a tushe ɗaya mai rauni. Dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro iri da Najeriya ta kafa a 2021 ta ƙara sa tambayar wa ke da iko da iri ta zama ta yau.

Mai saye kuma yana da haƙƙin sanin abin da yake ci, dokokin NBMA ma sun tanadi a sa alama. Amma alama a jikin leda ko gwangwani take zama. Waken da aka juye a Dawanau aka gauraya da na gonaki ɗari, ake aunawa da tiya, ko aka mayar da shi ƙosai da alale, babu inda za a manna masa takarda. Wake kuma ba ya tsayawa a iyaka: Najeriya da Nijar su ne kan gaba a nomansa a duniya, buhuna na ƙetarawa ta Jibiya da Illela da Maigatari, Ghana ma ta fitar da nata waken Bt a 2024.

Wata sabuwar fasahar ta riga ta iso kafin a gama wannan muhawara. CRISPR, wadda aka bayyana a 2012, tana ba masana damar gyara ƙwayar gadon tsiro a inda take, ba tare da an dasa wata daga waje ba. Najeriya ta fitar da ƙa'idojinta a kan wannan a ƙarshen 2020, kuma a ƙarƙashinsu irin da aka gyara ba tare da baƙuwar ƙwayar gado ba yana iya fita daga jerin GMO. Ana gwada fasahar a kan dawa mai jure wuta-wuta a Kenya. Idan irin wannan ya shigo kasuwa, ko a ɗakin gwaji zai yi wuya a bambanta shi da wanda ya sauya da kansa a gona.